Dan Allah a duba kwamit ɗin kafin a danna sukwash

Makon jiya na ga wani abu da har yanzu yake ci min rai. Wata baiwar Allah ta turo gudummawa a wata buɗaɗɗiyar manhaja da nake ɗan sa hannu a ciki idan na samu sarari, aikin da ya ɗauke ta kusan sati uku, ta jera shi cikin kwamit bakwai tsaf-tsaf (kwamit shi ne canji ɗaya da aka ajiye a tarihin manhaja tare da saƙon bayaninsa). Na farko fayiloli kawai ya matsar zuwa wani folda, ko layi ɗaya bai taɓa a cikinsu ba. Na biyu sunan wani fankshin ya canza a duk inda ake kiransa. Na uku shi ne ainihin gyaran tare da gwajinsa, layi goma sha ɗaya kacal, amma bayanin da ta rubuta a ƙarƙashinsa ya fi gyaran tsawo, ta faɗi dalilin da ya sa hanyar da kowa zai fara kawowa a ransa ba za ta yi aiki ba, har da yadda ta gwada ta ta ga ta faɗi. Sauran huɗun ma haka suke, kowanne da aikinsa.

Muka yi bita, kowa ya yaba. Sai ɗaya daga cikin masu kula da manhajar ya zo ya danna koren maɓallin nan na Squash and merge, akwatin saƙon ma bai kalla ba, kuma dama an saita ma'ajin manhajar ya riƙa ɗaukar taken PR kaɗai a matsayin saƙo (PR shi ne pull request, buƙatar da mutum ke turowa don a shigar da aikinsa). Bakwai suka koma ɗaya, layi sama da dubu a dunƙule, da taken kalma biyar da lambar PR a gefe. Shi ke nan.

Na yi masa magana a gefe, cikin ladabi, ya ce min ai ƙa'idarmu ce, komai sukwash muke yi. To wannan kalmar ta "komai" ita ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Matsayina shi ne: sukwash ba laifi ba ne, ni kaina PR goma idan suka zo gabana bakwai ko takwas dunƙule su nake yi. Amma hukunci ne da ake yankewa a kan kowane PR daban, bayan an buɗe jerin kwamit ɗin an gani da ido. Tambayar kuma guda ɗaya ce: kowane kwamit a nan zai iya tsayawa da ƙafarsa, ya yi aiki, ya kuma gaya wa wanda zai zo nan da shekara biyu wani abu mai amfani? Idan eh, a bar su. Idan a'a, a cure su wuri ɗaya, wanda ya cure kuma ya zauna ya rubuta saƙo mai kyau da hannunsa.

Ga wanda bai saba ba, a taƙaice. Idan mutum ya turo aikinsa a GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji ana aiki tare, mai haɗawa yana da hanya uku. Ko ya shigar da kwamit ɗin duka yadda suke tare da wani kwamit na haɗi a samansu, ko ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan babban reshe (ainihin layin tarihin manhajar), wato ribes, ko kuma ya murƙushe su duka su zama kwamit guda. Na ukun shi ne sukwash. Git kansa, manhajar da ke riƙe wannan tarihin, tun 2005 yake, Linus Torvalds ya rubuta shi don aikin Linux, GitHub ya buɗe a 2008, amma maɓallin sukwash ɗin sai a Afrilun 2016 suka saka shi, na ribes ya biyo baya a shekarar. Kafin nan duk mai son dunƙulewa sai ya sauke reshen a kwamfutarsa ya yi da hannu, kuma dole ya ga abin da yake dunƙulewa. Maɓallin ya sauƙaƙa aiki sosai, ya kuma cire wannan ɗan tsayawar da ake yi a duba.

Inda nake dunƙulewa ko shawara ba na yi

Kowa ya san irin PR ɗin. Gyaran layi ashirin ne amma kwamit goma sha huɗu. Na farko "wip", na biyu "fix", na uku "fix again", sai "oops", sai wanda aka gyara waƙafi, sai uku a jere na faɗa da injin gwaji da ya ƙi yin kore, sai guda biyu na jawo babban reshe cikin nasa reshen, sai "address review" har sau huɗu. Rabinsu ko tashi ba sa yi idan ka tsaya a kansu.

Wannan ba tarihi ba ne, takardar gwajin biro ce. Babu wanda zai amfana da sanin cewa ƙarfe biyun dare mutumin ya manta rufe baka sannan ya tuna. Ni ma haka nawa reshen yake idan ina cikin aiki, ina yin kwamit ne kaman yadda mutum ke danna seb, don kar wuta ta ɗauke ko na ɓata abu na rasa inda zan koma. Abu ne mai kyau a lokacin aiki. Bayan an gama kuma ba shi da wurin zama a babban reshe.

Kuma ba maganar kyan gani kawai ba ce. Akwai git bisect, wanda duk wanda ya taɓa farautar kwaro a tsohuwar manhaja ya san darajarsa. Ka gaya masa sigar da take lafiya da wadda ta lalace, sai ya riƙa raba tsakiya yana ba ka kana gwadawa, kwamit dubu a gwaji goma ko kusa da haka ka kama mai laifin. Amma sai idan kowane kwamit yana tashi. Idan ya jefa ka kan "oops" da bai ko haɗuwa, sai ka riƙa tsallakewa, wani lokacin a ƙarshe ya ce maka laifin yana cikin waɗannan guda shidan amma bai san wanne ba. A irin wannan, dunƙulallen kwamit ɗaya mai aiki ya fi goma sha huɗu gurguzu.

Don haka masu son sukwash suna da gaskiya a nan, gaskiya cikakkiya, ban rage musu komai ba.

Inda hannuna baya zuwa

Shi dai wannan bisect ɗin da ya ba su gaskiya a sama, shi ne yake ƙwace ta a nan. A ce watanni takwas sun wuce, wani ya kawo rahoto cewa abu kaza ya daina aiki. Ka yi bisect, ya kai ka kan kwamit ɗin baiwar Allahn nan da aka dunƙule. Layi dubu da ɗoriya. Matsar da fayil, canjin suna, gyara, duk a cakuɗe. Yanzu sai ka zauna da ido kana tsintar layin da ya canza hali a cikin ɗaruruwan da ba su canza komai ba. Da an bar su bakwai, gwaji uku kawai za ka ƙara ya ajiye ka a kan layi goma sha ɗaya, da bayaninta a ƙasa yana jiranka.

Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su lura da shi. Git baya rubuta cewa an canza wa fayil suna ko an matsar da shi. Hasashe yake yi, yana kwatanta tsohon fayil da ya ɓace da sabon da ya bayyana, idan kamanninsu ya kai kashi 50 cikin ɗari sai ya ce ai abu ɗaya ne. Shi ya sa masu hankali suke matsarwa a kwamit ɗaya, gyara a wani. Idan ka cure matsarwar da babban gyara, kamannin na iya faɗowa ƙasa da rabi, sai Git ya ga kaman an goge fayil an ƙirƙiro wani sabo fil. Ka yi git blame, umarnin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, ka ga duk layukan suna ɗauke da suna ɗaya da rana ɗaya, shekarun baya sun yanke. Suna nan a ma'aji, amma igiyar da za ka bi ka kai gare su ta tsinke.

Haka maganar gyaran tsari. Wani ya bi fayil gaba ɗaya da abin daidaita rubutu, ya gyara tazara da shigar layi, sannan ya yi gyaran gaske a kwamit na daban. Tun Git 2.23 da ya fito a 2019 kana iya gaya wa blame ya yi biris da wasu kwamit, a jera lambobinsu a wani fayil mai suna .git-blame-ignore-revs, GitHub ma yana karanta shi. Amma kwamit guda ake tsallakewa, ba rabinsa ba. Ka dunƙule gyaran tsari da gyaran gaske, ka rufe wa kanka wannan ƙofar.

Sai janye aiki. Ranar da aka gano sashe ɗaya na aikin ne ya zo da matsala, idan kwamit ɗin a rabe suke git revert ɗaya ya isa, sauran su ci gaba da zamansu. Idan a dunƙule ne, ko ka janye duka har da abin da wasu suka riga suka gina a kai, ko ka zauna ka warware da hannu.

"Ai komai yana nan a shafin PR"

Wannan ita ce amsar da aka fi ba ni, kuma abokina mai kula da manhajar da ya danna maɓallin ma ita ya kawo. Lambar PR tana jikin saƙon, ka danna ka ga kwamit bakwai ɗin da duk muhawarar da aka yi.

Eh, yau yana nan. Amma shafin PR ba Git ba ne, kayan kamfani ne da ke zaune a kan sabar kamfani. Idan ka yi git clone, kwamit da saƙonninsu ne suke biyo ka, muhawarar shafi bata biyo ka. Kana cikin jirgi ba intanet, git log na aiki, shafin baya buɗewa. Bisect baya shiga shafin PR ya raba maka tsakiya. Blame a editanka baya nuna maka bayanin kwamit na uku, wanda ke kan babban reshe yake nunawa.

Kuma manhajoji suna ƙaura. Python daga Subversion ta koma Mercurial, daga nan ta koma GitHub a 2017. LLVM, wata babbar buɗaɗɗiyar manhaja, ta yi shekaru tana bita a wani dandali mai suna Phabricator kafin ta koma PR na GitHub a 2023. Google Code an rufe shi ɗungurungum. GitHub ɗin ma ai hannu ya canza, Microsoft ta saye shi a 2018. Ban ce gobe zai rufe ba, amma duk lokacin da aka yi ƙaura, abin da ya fi tsira lafiya shi ne abin da aka rubuta cikin kwamit. Lamba mai alamar # a gaba, idan gidan da take nunawa ya tashi, ta zama lamba kawai.

Kuma ko shafin na nan, tsakani da Allah, wa yake karanta sharhi tamanin don ya gano dalilin layi ɗaya? Mutum yana tsakiyar neman matsala, kansa ya ɗau zafi, abin da yake so sakin layi biyu ne da suka ce masa an yi kaza saboda kaza.

"Manyan manhajoji ma sukwash suke yi"

Gaskiya ne, wasunsu. CPython, wato ainihin manhajar Python, sukwash take yi, kuma tana da dalili mai ƙarfi: suna riƙe da rassan tsofaffin sigogi, gyara idan ya shiga babban reshe sai bot ya ɗauke shi ya kai can, kwamit ɗaya kuma ya fi sauƙin ɗauka fiye da tara. LLVM ma sukwash ne hanyarta. Amma ku duba abin da ya zo tare da ƙa'idar: a can ana son PR ɗaya ya zama canji ɗaya, idan aikinka sassa ne sai ka raba shi PR-PR ka jera su. Yaren Go yana amfani da dandalin bita na Gerrit, inda kowane canji dama kwamit ɗaya ne, ana ta yi masa kwaskwarima har a amince. Wato duk sun yarda canji ɗaya kwamit ɗaya. Abin da suka yi shi ne suka rage girman abin da ake turowa har ya yi daidai da kwamit ɗaya.

A ɗaya ɓangaren ga Linux. Takardar da ke koya wa mutane turo faci (wato canjin da ake so a shigar) a can ta ce a raba kowane canji mai ma'ana ɗaya a facinsa, kuma kanel ɗin ya haɗu ya yi aiki bayan kowane faci a jerin, saboda masu bisect. Idan faci yana gyara ɓarnar wani tsohon kwamit, ana sa layin Fixes: da haruffa goma sha biyun farko na lambarsa. Aikin Git kansa, wanda Junio Hamano ke riƙe da shi tun 2005, haka yake tafiya: ka turo jerin faci, a yi maka gyara, ka koma ka sake tsara jerin ka turo v2, v3, ba wai ka ɗora "address review" a sama ba. Har wani umarni suka ƙara a 2018, git range-diff, don a kwatanta tsohon jeri da sabo.

To ka ga ba saɓani a tushe. Linux da CPython abu ɗaya suke nema ta hanya biyu. Matsalar ita ce ƙananan manhajoji irin namu da muke ɗauko rabin ƙa'ida. Mun ɗauko maɓallin CPython, ba mu ɗauko ƙananan PR ba. Muna karɓar aikin sati uku a PR ɗaya sannan mu murƙushe shi, mu ce ai manya ma haka suke yi. Ba haka suke yi ba.

Idan manhajarku ta zaɓi sukwash kaɗai, ban ce haramun ba ne, amma to ku biya kuɗinsa: duk PR da ya zo da abu uku a ciki, ku roƙi mai shi ya raba shi uku tun kafin a fara bita. Kar ku bari ya gama jera kayansa sannan ku tattake.

Maganar miƙaƙƙen layi

Wasu kuma abin da ya dame su shi ne hoton tarihin. Ba sa son su buɗe su ga layuka suna ta saƙa kaman wayoyin bayan talabijin. Na fahimta, ni ma bana so. Amma git log --first-parent yana nuna maka babban reshe kaɗai, kowane PR layi ɗaya, kaman an yi sukwash, sauran kwamit ɗin kuma suna nan a ƙasa ranar da ka buƙace su. Tun sigar 2.29 a 2020 bisect ma ya karɓi wannan zaɓin. Ko kuma a yi ribes a jera su a miƙe. Kyan gani ana samunsa ba tare da an zubar da komai ba.

Zan dai faɗi inda kwamit na haɗi yake da ciwon kai, don kar a ce na ɓoye. Janye shi sai ka ƙara -m 1, kuma idan daga baya ka so sake shigar da wannan reshen, Git zai ɗauka ai ya riga ya shiga, sai ka janye janyewar. Wanda bai taɓa cin karo da wannan ba zai sha wuya ranar farko. Dunƙulallen kwamit ba shi da wannan rigimar. An ba masu son sukwash wannan.

Sunan wa zai fito?

Nan ne abin yake daina zama na fasaha kawai. Yawancin masu ba da gudummawa a buɗaɗɗiyar manhaja ba biyansu ake ba. Abin da suke tafiya da shi shi ne sunansu a tarihi, su nuna ranar neman aiki, ko don jin daɗin ransu kawai.

Kwamit ɗaya marubuci ɗaya yake da shi. PR da mutum uku suka yi, idan aka dunƙule, wanda ya buɗe shi ne zai zama marubuci, sauran biyun sai dai a sa su a layin Co-authored-by a ƙasan saƙo, wanda GitHub ya fara ganewa a 2018. Yakan saka layin da kansa a akwatin, amma na sha ganin mai haɗawa ya share akwatin gaba ɗaya don ya "tsaftace" saƙo, sunayen suka tafi tare da shara. Kuma ko layin na nan, blame sunan mutum ɗaya zai nuna a kan kowane layi. Ranar da kake neman wanda ya rubuta sashen nan mai wuya don ka tambaye shi, sai ka je wurin wanda bai rubuta ba.

Manhajojin da ke buƙatar Signed-off-by, al'adar da Linux ta fara a 2004 don kowa ya shaida cewa yana da haƙƙin bayar da abin da ya turo, su ma sai an kula kar layin ya faɗi a hanya. Wanda kuma ya sa hannu a kwamit ɗinsa da makullinsa na GPG ko SSH, ya sani sukwash sabon kwamit yake haifarwa, sa hannunsa baya bin sa, na GitHub ne zai hau kai. Ribes ta maɓalli ma sababbin kwamit yake yi, sa hannun asali baya tsira. Kwamit na haɗi ne kaɗai yake barin na mutum yadda ya turo shi, har lambarsa.

Idan PR na mutum fiye da ɗaya ne kuma aikin kowa a rarrabe yake, ni bana dunƙulewa sai na tambaye su.

Sabon shiga kuma a bar shi ya sha iska

Kar wani ya karanta wannan ya tafi ya fara takura wa mutane. Akwai masu kula da manhaja da ke ɗaya gefen, su ma suna ba ni haushi daidai gwargwado. Yaro ya zo da gyaransa na farko a rayuwa, ya gyara kuskuren rubutu a takardar bayani, kwamit uku, sai a ce masa je ka yi git rebase -i ka dunƙule ka yi fos-fush sannan ka dawo. Ya tafi ya gwada, ya jawo kwamit ɗin wasu mutane arba'in cikin PR ɗinsa, kunya ta kama shi, ya rufe, ba a sake ganinsa ba. Na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Wannan shi ne ainihin wurin da maɓallin ya yi rana. Ka ce masa na gode, ka danna sukwash, ka rubuta saƙon da kanka, sunansa ya fito a matsayin marubuci, kowa ya tafi da farin ciki. Idan ya dawo karo na uku na huɗu, sai ka nuna masa git commit --fixup da --autosquash a hankali, ya ga yadda ake lika gyaran bita a kan kwamit ɗin da ya dace ba tare da an tara shara ba. Koyo da lokacinsa.

Wanda ya iya kuma ya ɓata lokacinsa ya tsara, a girmama tsarin. Abin da ya ƙona min rai a labarin farko ke nan: mun yi wa ƙwararriya abin da ake yi wa sabon shiga, mun kuma koya mata cewa a nan wahalar tsara kwamit asara ce. PR ɗinta na gaba me zai sa ta tsara?

Abu biyu ƙanana kafin na manta. Idan mai gudummawar ya gina reshe na biyu a kan na farko, kana dunƙule na farkon na biyun zai fara karo da babban reshe, domin Git bai san dunƙulallen kwamit ɗin nan shi ne waɗancan ba, lambarsu daban. Ko share tsohon reshen ya zo yi da git branch -d sai ya ƙi, ya ce ba a haɗe shi ba. Ka gaya wa mai gudummawar tukuna, ya san zai yi ribes da --onto. Na biyu, idan wani ya yi kuskure ya saka kalmar sirri ko makulli a kwamit sannan ya goge a na gaba, kar ka ce sukwash ya wanke. Tsohon kwamit ɗin yana nan a jikin PR, duk mai so zai gani. Makullin nan ya riga ya fita, a soke shi a yi sabo.

Minti biyu ne fa

Abin da nake yi kafin na haɗa kowane PR ba wani dogon abu ba ne. Ina buɗe shafin kwamit na karanta takensu daga sama zuwa ƙasa. Yawanci a daƙiƙa goma na san irin wanda ke gabana. Idan na ga "wip" da "oops", sukwash. Idan na ga take masu ma'ana, sai na buɗe biyu ko uku na ga ko da gaske kowanne abu ɗaya yake yi. Idan rabi da rabi ne, huɗu masu kyau da uku na gyaran bita a sama, sai na tambayi mai shi: za ka iya narkar da ukun nan cikin na ƙasa, ko na dunƙule duka? Sau da yawa amsar takan zo kafin na tashi daga kujera. Wasu ma cewa suke dunƙule kawai, ban tsara su don a ajiye ba. Shi ke nan, an huta.

Idan kuma na dunƙule, akwatin saƙon nan nawa ne. Jerin taurarin da yake zubowa na "fix", "fix again" ina share su, na bar layukan sunaye, na rubuta me aka canza da kuma dalili, ko da jimla uku ce. Wanda ya danna maɓallin shi ya haifi kwamit ɗin, ko da sunan wani ne a kai.

Abokin nawa dai bai yarda da ni duka ba. Ya ce idan aka bar wa kowa ya yanke hukunci, wata rana wani zai shigo da kwamit goma sha huɗun nan cikin babban reshe saboda gajiya, kuma ƙa'ida ɗaya da kowa ke bi ta fi hukunci biyar da suka dogara da yanayin da mutum ya tashi. Ban ce ƙarya yake ba, zai faru. Inda muka tsaya shi ne an kunna maɓallin ribes a saitin ma'ajin kusa da na sukwash, an canza saƙon sukwash ya riƙa ɗaukar bayanin PR ba take kaɗai ba, an kuma ƙara layi biyu a takardar masu ba da gudummawa cewa duk wanda ya tsara kwamit ɗinsa da gangan ya faɗa a bayanin PR.

Na baiwar Allahn nan kuwa ya riga ya shiga, ba mai sake rubuta babban reshe saboda wannan. Abin da na iya yi shi ne na koma PR ɗin, na kwafo bayaninta na kwamit na uku, na turo shi a matsayin sharhi a saman layi goma sha ɗayan nan a cikin fayil ɗin. Kwamit ɗaya ne, na sa sunanta a Co-authored-by, abokin nawa ne ma ya haɗa shi.